Yaran da Ba a Faɗin Sunansu

Ni ɗan fari ne, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. In tana nemana sai ta ce da ƙanwata, "Je ki kira min yayanki." In babu kowa a gidan sai ta yi gyaran murya ta ce, "Kai." Ranar da aka kai ni firamare a Birnin Kudu, malami ya tambayi sunana, Inna ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi, sai maƙwabciyarmu ce ta faɗa. Abin bai taɓa damuna ba. Haka ake yi a danginmu, uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta tsaya masa in ana rabon wani abu. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi min uzuri da rashin sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa a ƙarƙashin yoyon aka haife ni.

Bayan na gama karatun kwamfuta na yi shekara biyu ina zaman kashe wando, har wata ƙungiya ta zo da shirin bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a damina, wata-wata. Aikin na gwaji ne a wasu mazaɓu na Birnin Kudu da Gwaram, don haka maganin a ƙirge yake zuwa, kowane ɗan ƙunshi da sunan yaron da za a ba wa. Suka ɗauke ni in kula da bayanai. Ofishinmu ɗaki biyu ne a bayan tasha, da janareta mai tari. Shugabanmu wani Bakano ne mai son turare, muna ce masa Oga. In ya ji daɗina yakan ce min Injiniya, ni kuma kaina ya kumbura kamar an hura balan-balan.

Mata ne suke zagawa gida-gida suna cika fom a waya. Fom ɗin yana iso mana a wani tsarin rubutu da ake kira XML, wanda komai yake cikin wani abu kamar kwanukan jere, ƙarami cikin babba: unguwa, a cikinta gida, a cikin gida uwa, a ƙarƙashin uwa 'ya'yanta, kowane da gurbin suna da na shekaru. Manhajar da take buga jerin yara da takardun da ake liƙa wa magani kuwa sayo ta aka yi a kulle. Tana da nata guraben, ba ta gane namu, kuma ba mu da ikon taɓa cikinta. Kamfanin da ya sayar da ita ya daina ɗaga waya. Mako guda cur mutum uku suna kwafe sunaye da hannu, ba su gama ko mazaɓar Surko ba.

Ni na gano ƙofar da aka manta ba a rufe ba. Manhajar tana karɓar wata takardar ƙa'idoji da ake kira XSLT. Asali an yi ta ne don a yi wa bayanai kwalliya kafin a nuna su a allo, wannan ya fito da manyan baƙaƙe, wancan ya shiga tebur. Ni sai na mayar da ita jakin aiki. Ba kamar sauran harsunan kwamfuta take ba, inda za ka ce fara nan ka ƙare can. Ita sharuɗɗa kake gindaya mata. Duk inda kika tarar da gida, buɗe sabon gurbin gida a manhaja. Duk inda kika tarar da yaro, ɗauki sunansa ki zuba nan, ki lissafa watanninsa, ki zaɓa masa maganin ƙanana ko na manya. Sai ta bi fom ɗin tun daga sama har ƙasa tana cika guraben da kanta. Abin da ban rubuta masa ƙa'ida ba kuwa na saita ta ta wuce shi shiru, don in ba haka ba sai ta riƙa zubo tarkacen rubutu inda ba a so.

Aikin mako guda ya koma na minti biyu. Oga ya riƙa kawo baƙi daga Kano yana tsayar da su a bayana yana cewa, "Kun ga abin da muka ƙirƙiro." Wannan "muka" ɗin ya ɗan sosa min rai, amma daɗin yabo ya fi ƙarfinsa. Ina taƙama a raina cewa na sa abin ado ya yi noma.

Ana saura kwanaki a buga jerin farko, Oga ya shigo da takarda a hannu yana kaɗa ta.

"Injiniya, waɗannan fatalwowin fa? Ga layi, ga lamba, babu suna."

Na ce masa wasu matan sukan danna wurin ƙara yaro bisa kuskure, sai wayar ta turo layi wayam.

"To ka share su. Masu ba mu tallafin maganin nan in suka ga yaro ba suna, cewa za su yi mu muka ƙirƙiro shi don mu karkatar da kaya. Ni ba na son abin da zai ɓata min suna."

Gyaran bai kai rabin layi ba. Inda ƙa'idar take cewa "duk yaron da kika tarar," na mayar da ita "duk yaron da kika tarar yana da suna." Shi ke nan. Na tuna sarai, har na ɗora yatsuna zan ƙara layi uku, waɗanda za su tara duk wanda aka tsallake a wani jeri daban don mutum ya duba da idonsa. Sai na kalli agogo. Ranar kasuwar Gwaram ce, in na makara motocin za su cika, ga saƙon daddawa da kuka da Inna ta ba ni in kai wa ƙanwata da take aure a Farin Dutse. Na ce a raina layin banza ne, wa zai tsaya duba shara. Na rufe kwamfuta na tafi tasha.

Ƙanwata tana da 'ya'ya biyu a lokacin, goyon namiji da kuma babbar, 'yar shekara uku. Yarinyar nan baki gare ta kamar aku. Tun daga zaure za ka ji tana "Kawu ya zo, Kawu ya zo," ta rungume ƙafata ta hau laluben aljihu. Ba alawa take nema ba, wayata take so. Akwai wani kiɗan kalangu da na sa a matsayin ƙarar kira, da zarar ya tashi sai ta riƙe ƙugu ta hau rawa, kowa na dariya. A ranar sai da ta sa na kunna mata shi har batir ya yi ja.

Uwar tana bakin murhu tana cewa, "Ke, ki ƙyale shi ya huta. Waccan ba ta jin magana, Yaya."

Na ce, "Waccan ba ta da suna ne? Ke da kika yi sakandare har yanzu kina wannan?"

Ta yi dariya ta rufe fuska da gefen zani. "Yaya ka bari. Wallahi bakina ba zai iya ba."

Ni ma na yi dariya. Da safiyar ranar na rubuta ƙa'idar da ta share yarinyar daga jeri, da yamma ina tsokanar uwarta a kan dalilin, kuma ko kusa zuciyata ba ta haɗa abubuwan biyu ba.

Aka yi rabon wata na farko. Kwana kaɗan bayan nan wata daga cikin masu zagaye ta zo ofis. Dattijuwa ce, tsohuwar ungozoma, ita take kula da ɓangaren Farin Dutse, kowa Hajiya yake ce mata. Ta sha hanya a kan babur, gefen zaninta duk taɓo. Ta gaishe mu ta zauna a bakin benci.

"Malam, akwai yaran da na rubuta da hannuna, ba su fito ba. Na shiga gida na ba ƙani magani, yayansa yana tsaye yana kallona. An ce kada mu ba wanda ba sunansa a ƙunshi. To ina zan sa kaina?"

Oga ko ɗago kai bai yi ba daga wayarsa. "Hajiya, kwamfuta ba ta ƙarya. Ku ne ba kwa jira saƙo ya gama tafiya. Kin san sabis ɗin ƙauye."

"Alhaji, na ga alamar ya tafi."

"To Injiniya zai duba."

Na duba kuwa, irin duban wanda ya riga ya yanke hukunci. Na ƙirga yaran da takardata ta fitar, na ƙirga waɗanda suka shiga manhaja, suka zo daidai cif. Na auna garin da ya sauka a kwano, ban leƙa abin da ya rage a kan rariya ba. Na ce da ita komai lafiya yake a wajenmu. Ta ce, "To Allah ya kyauta, Malam," ta ɗauki jakarta. Na ji haushinta a ranar, ina ganin tsohuwa ta zo tana koya min aikina. Ko ruwa ban ba ta ba.

Aka yi rabo na biyu a haka.

Tsakiyar marka, wata rana da azahar, mijin ƙanwata ya kira ni. Direban motar haya ne, yana hanyar dawowa daga Kano. Ya ce yarinyar ta kwana biyu da zazzaɓi, yau ta fara jijjiga, an kai ta Gwaram a babur an ce a wuce da ita Birnin Kudu. Na riga shi isa asibitin. Tun daga baranda na ji muryar mace tana kiran wani suna, tana maimaitawa, ba ta ko numfashi a tsakani. Sai da na shiga ɗakin na gane ƙanwata ce, kuma sunan 'yarta ne. Tana durƙushe a bakin gado, ɗankwalinta ya zame, ta riƙe ƙafar yarinyar tana kiranta da ƙarfi a gaban surukarta da ma'aikata da kowa. Inna tana tsaye a gefe, ta juya fuskarta ga bango.

Hajiya ma ta zo dubiya washegari. A bakin famfo muka haɗu, ina wanke kwanon abinci. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ashe 'yar ƙanwarka ce. Ita ma na rubuta ta. Ranar uwar ce kaɗai a gida, maza duk suna gona. Na tambayi sunan babbar ta yi shiru tana murmushi, ka san halinmu. Na sa shekarunta, na bar gurbin sunan da niyyar in na dawo in tambayi kakarta. Da can da muke yi a takarda, sai mu rubuta 'yar farin wance, kowa ya gane. Wayar nan kuwa an ce mana kada mu sa komai a wurin sai suna na gaskiya."

Na bar kwanon a bakin famfon na tafi ofis a ƙafa. Na buɗe takardar ƙa'idojina na juya sharaɗin: fito min da yaran da ba su da suna kaɗai. Minti biyun nan da nake taƙama da su, su suka ishe ta. Jeri ya sauko shafi bayan shafi, daga Surko, daga Farin Dutse, daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Kusan duk wanda na duba, shi ne babba a ɗakin uwarsa. Abin da ya fi ci min rai shi ne, layukan kuskure na gaskiya ba su da yawa, kuma a fili suke, babu suna, babu shekaru, babu komai. Waɗannan kuwa an rubuta shekarunsu, an rubuta namiji ko mace. Da na ƙara kalma huɗu a sharaɗin, da takardar ta bambance su. Na samu layin ƙanwata. Ga sunanta, ga sunan goyonta, ga wani gurbi wayam a sama da shi, a gefensa an rubuta mace, shekara uku.

Na kai wa Oga. Ya karanta shafin farko, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ka nuna wa?"

"Babu kowa."

"Madalla. Ka gyara kafin rabo na uku, su shigo a matsayin sababbin rajista. Kada ka rubuta komai a kai."

Na ce masa 'yar ƙanwata tana kwance a asibiti.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma Injiniya, ka yi tunani. Mutum a tambaye shi sunan ɗansa ya ƙi faɗa, laifin wa? Mu magani muka kawo, ba mu muka kawo musu al'adarsu ba. In maganar nan ta fita, kai za a fara kamawa, hannunka ne ya rubuta."

Nan kam gaskiya ya faɗa, kuma ita ta rufe min baki. Na gyara. Sabuwar ƙa'idar ta ce in yaro ba shi da suna amma yana da shekaru, a rubuta masa ɗan farin wance, a ɗauko sunan uwar daga gurbin sama. Abin da Hajiya take yi da biro tun kafin a haife ni ke nan. Kafin mai shayin bakin tasha ya kawo min kofina na gama. A rahoton ƙarshen damina, Oga ya rubuta sakin layi guda a kan ƙarancin wayewar iyaye mata a karkara da buƙatar a wayar musu da kai. An yaba masa tsaftar bayanansa, aka ɗauke shi zuwa babban ofis. Na ji an ce har yanzu yana ba da labarin yadda ya sa takardar kwalliya ta yi aikin manhaja.

Yarinyar ta rayu. Bayan kwana tara aka sallame su, suka sauka a gidan Inna don ta ƙara murmurewa. Ta rame, ba ta magana sosai, muka ce jiki ne bai dawo ba. Wata rana da hantsi tana zaune a tabarma kusa da ni tana wasa da murfin kwalba, sai aka kira wayata. Kalangun ya tashi dab da kunnenta. Ba ta waiwayo ba. Na bar shi yana yi har ya katse, na sake kunnawa da hannuna, na ƙure ƙarar. Ta ci gaba da juya murfin kwalbarta. Da na ɗaga kai sai na ga uwarta a ƙofar ɗaki da tsintsiya a hannu, ita ma ta gani.

Likita ya ce zazzaɓin da ya hau kai yakan taɓa ji, wani ya dawo, wani ba ya dawowa. Na bi shi har waje na tambaye shi ko da ta sha rigakafin da hakan ba ta faru ba. Ya ce maganin yana rage haɗari ƙwarai, amma ba zai rantse min ba, akwai masu sha su kamu. Na so ya ce min eh ko a'a. Da wannan rabin amsar nake kwana nake tashi.

Sai da damina ta wuce, na ajiye aikin, sannan na iya zuwa Farin Dutse na gaya wa ƙanwata. Na yi mata bayani yadda za ta gane, na ce ni na rubuta abin da ya cire 'yarta, kuma an zo an faɗa min ban saurara ba. Na shirya ta zage ni. Wallahi na so ta zage ni. Tana tsince wake a faranti, ba ta daina ba.

"Yaya, ni aka tambaya na yi shiru. Sau biyu Hajiya tana ba ƙanin yarinyar magani a gabana, ita tana miƙa hannu tana cewa nata fa. Ga lambarka a wayata, na san a can kake aiki. Na ɗauki wayar na ajiye. Na ce yaya za a ji ni ina ƙorafi a kan 'yar fari, sai ka ce marar kunya."

Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce ni ma ba laifina ba ne, ƙaddara ce. Muka zauna kowa yana wanke ɗan'uwansa, kowa ya san ƙarya yake yi. Ina jin haushin Oga, ina jin haushin kunyar nan da muka gada muna riritawa kamar kayan ɗaki, amma haushin da nake ji na kaina ya fi su duka. Oga tashin birni ne, bai san al'adar ba, ƙanwata ba ta san kwamfuta ba. Mutum ɗaya ne a duk ƙasar nan ya san su duka biyun, shi kuwa sauri yake yi kada mota ta cika.

Yanzu ina koyar da kwamfuta a wani ɗan shago a Birnin Kudu. In na zo kan yadda ake tace bayanai, nakan ce da ɗalibai duk abin da suka ce na'ura ta tsallake, su sa ta ajiye shi inda ido zai gani. Sukan rubuta a littafi kamar sauran darussa, wasu suna hamma. Ba na gaya musu dalili.

Yarinyar ta kai shekara bakwai. Jin bai dawo ba, kuma kalmomin da ta iya a da sun zube ɗaya bayan ɗaya, har da Kawu. In na je takan yi min murmushi ta taɓa aljihuna, sai in ba ta wayar, ta ɗora a tafin hannunta tana jin motsinta in tana ƙara. Uwarta kuwa tun ranar asibiti ba ta koma cewa waccan ba. Sunan take kira gatsau, a gaban surukai, a gaban baƙi, har matan unguwa sun gaji da gulma sun bari. Zuwana na ƙarshe ina zaune a tsakar gida, tana tuƙa tuwo, yarinyar ta ba mu baya tana jera duwatsu a gindin bango. Ƙanwata ta ɗaga murya ta kira ta ta kawo mata mara. Ta sake kira. Sannan ta jingine muciya a bakin tukunya, ta goge hannu a zani, ta taka har inda take ta dafa kafaɗarta.